Ragar Bakin Kwalbati

Shebur ake ce masa, kuma ba wanda ya damu da sunan da ubansa ya raɗa masa. Tun yana saurayi ya shiga aikin yasar lambatu a ƙaramar hukumar gangare, har kansa ya yi furfura bai sauke shebur daga kafaɗa ba. Ko da aka ba shi shugabancin leburori bai koma gefe yana nuni da yatsa ba. Shi ne na farkon shiga taɓo, shi ne na ƙarshen fita. Tafin hannunsa ya yi kanta, gwiwarsa ta hagu tana ƙara in zai tsuguna, hancinsa kuwa ya daɗe da daina jin wari. Ba shi da yawan magana. In wani ya zo yana masa bayanin yadda ya kamata a yi aiki, sai ya miƙa masa shebur ya ce, "Bismillah, nuna mana." Yawancinsu nan take suke tuna cewa ana jiransu a wani wuri.

Garin a karkace yake, rabi a tudu rabi a gangare, kowane rabi da ƙaramar hukumarsa. Babban lambatu guda ne ya ratsa su. Ya taso daga tudu, ya shige ƙarƙashin wani titi ta cikin kwalbati, ya ɓullo a gangare. Wannan titin shi ne iyaka, kuma shi da kwalbatinsa a hannun hukumar gangare suke.

Leburorin gangare kwasa suka iya. Su shiga lambatu, su ɗebo laka da leda da robobi, su tara a gefe ya tsane, tifa ta zo ta ɗauke. Ba su da wata dabara, domin ƙasa da su babu kowa sai gidajensu. Leburorin tudu kuwa turi suka iya. Su jira a yi ruwa, su tsaya a bakin lambatu da dogayen manjagara, su motsa datti su tura shi gaba, ruwa ya ƙarasa musu aikin. Da zarar ya wuce titi ya zama na wata hukuma. Shugabansu wani ne da ake kira Gajere, mai faɗin ƙirji da yawan dariya, wanda takalmin ruwansa kullum fes yake kamar yau aka sayo shi.

Shekarun baya, da abin ya ishi Shebur, ya je ya tsaya a ƙofar ofishin ciyaman ɗinsu na lokacin da kayan aikinsa, laka tana ɗiga a kan tayil, ya ƙi tafiya sai da aka ba shi izini. Ya sa aka ƙera raga ta ƙarfen rodi, aka liƙa ta da walda a bakin kwalbatin ta ɓangaren tudu. Ruwa ya wuce, datti ya tsaya. Daga ranar, in 'yan tudu suka turo, a gaban ragar yake taruwa, ruwa ya fara komawa baya cikin wani filinsu da ke gefen kwalbatin, dole su rugo su shiga su kwashe da hannunsu. Ranar farko da Gajere ya shiga laka har ƙugu, Shebur yana tsaye a kan titi yana kallonsa. Tun daga nan ba sa ga maciji. A duk aikin da ya yi a rayuwarsa, in ka tambaye shi wanne ne nasa, ragar nan zai nuna maka.

Sai aka zo da maganar haɗewa. Aka ce ƙananan hukumomi sun yi yawa, sun yi ƙanana, za a haɗe su biyu-biyu su zama manya, sannan ma'aikatar ayyuka ta babban birni ta sakar musu iko: tituna, manyan magudanan ruwa, ɗakunan shan magani, duk su koma hannunsu. An yi ta faɗa a rediyo cewa mulki zai matso kusa da talaka. Ba wanda ya tambayi mai shiga lambatu. An kafa rumfa, an yi jawabai, an tafa. Abin da Shebur ya gani da idonsa shi ne, ofishin ya koma tudu, nisan tafiyarsa ta safe ya ninka, kuma an raba musu sabbin riguna masu sabon tambari, alhali safar hannun da suke roƙo tun bara ba ta zo ba. Ikon da ma'aikata ta saki ya iso ne a cikin manyan motoci: buhunan siminti, katifun ɗakin shan magani, injin ban ruwa da tsohuwar tifa mai tari. Babbar motar yasar lambatu da 'yan ma'aikatar suke zuwa da ita kafin damina kuwa, da ita suka zauna. Aikin suka bayar, ba kayan aikin ba.

Da aka zo batun inda za a ajiye kayan, kansilolin tudu suka ce a tudu, na gangare suka ce a kan gawarsu. Aka raba gardama, aka gina sito a tsakiya, a wannan filin da ke gefen bakin kwalbati, inda ruwa yake kwanciya in raga ta toshe. Sannan sabon Injiniya, wani matashi mai tabarau da aka turo daga ma'aikata, ya sa aka yanke ragar aka jefar a bayan garejin hukuma, inda leburori ke taruwa da safe. Ya ce lambatu ɗaya ne yanzu, hukuma ɗaya ce, ba a shinge tsakanin ɗaki da ɗaki a gida guda.

A gareji kuwa ba abin da ya haɗu sai ƙofar shiga. 'Yan gangare da bencinsu a inuwar katanga, 'yan tudu da nasu a gindin tankin ruwa. Butar shayi biyu. Ƙotar sheburan gangare da jan fenti, ta manjagaran tudu da shuɗi, kuma in ka kuskura ka taɓa wanda ba launinku ba sai an ji ku a titi. In Shebur ya shigo da safe, Gajere zai ɗaga murya daga bencinsa.

"A'a, sannu da zuwa, mutanen ƙasa! Kun hauro lafiya? Ku ba tsoho wuri ya huta, hawan nan ba wasa ba ne."

"Hawa ba ya kashe mutum," in ji Shebur. "Zama ne ke kashewa. Ka duba tumbinka."

"Tumbin nan na hankali ne. Wanda ruwa zai yi wa aiki kyauta, don me zai karya bayansa?"

'Yan tudu su fashe da dariya, 'yan gangare su tofar da yawu.

Wata safiya Injiniya ya tara su duka. Ya ce hukuma ɗaya ba ta da buƙatar shugaban leburori biyu. Zai duba aikin kowa a farkon daminar nan, sannan ya zaɓi ɗaya, ɗayan ya koma lebura kamar kowa. Ya faɗa yana duba wayarsa, ya shiga mota ya tafi. Shebur bai kalli Gajere ba, amma ya ji idonsa a ƙeyarsa. Ba girman kujerar ne ya dame shi ba, don ba kujera a aikin. Abin da ba zai iya haɗiya ba shi ne a ce da furfurarsa, mutumin da bai taɓa cika baro da laka don son ransa ba shi zai riƙa nuna masa inda zai sa shebur, kuma yaransa da ya koya wa kwasa su koma 'yan turi.

Ruwan farko ya sauka da hantsi. Kafin azahar dattin tudu kaf ya bi ta kwalbati ya sauka a gangare: leda, kwalabe, tsummokara, har da mushen kaza. Lambatun da Shebur da mutanensa suka yashe tas ya cika ya tumbatsa, ya malalo cikin layuka, har layin gidansa. Injiniya ya zagaya da mota da la'asar, ya ga tudu fes, ya ga gangare kaca-kaca.

Washegari Shebur ya tare shi a ƙofar ofis.

"Yallaɓai, dattin da ka gani jiya ba namu ba ne. Turo shi aka yi."

"Baba, ai yanzu babu namu da nasu."

"To a zo a kwashe tare mana, tunda babu."

"Za mu zauna a kai. Akwai kwamitin da aka kafa."

"Kwamitin zai shiga lambatu?"

Injiniya ya gyara tabarau ya ce, "Baba, ni abin da idona ya gani zan rubuta. Ɓangaren Gajere a share yake, naka ba a share ba." Ya shige ya rufo ƙofa.

Gajere yana jingine da tankin ruwa, ya ji komai. Ya ce, "Ka ji dai, tsoho. Ku riƙa ƙoƙari a can ƙasa. In kuna son a koya muku aiki, ku yi magana, ba ma rowa."

Da ya koma gida ya tarar da matarsa tana kwarfe ruwa daga tsakar gida da tsohon bokiti, ta ɗaure zani sama da gwiwa. Ta daɗe tare da shi, ta san shirunsa kala-kala. Wannan shirun ba ta so shi ba.

"Malam, me kake ƙullawa?"

"Ragata zan mayar."

Ta dire bokitin. "Wace raga? Wadda aka yanke?"

"Tana nan a bayan gareji, ba abin da ya same ta. Injiniya ya ce abin da idonsa ya gani zai rubuta. To zan tara masa dattin a inda zai gani, ya san daga ina yake fitowa."

"In ta toshe fa, ruwan ina zai je?"

"Inda ya saba zuwa. Filinsu."

"Ba a filin aka gina sito ba?"

"Ƙasar tudu ce. In ruwa ya taso za su rugo su kwashe, kamar yadda suka saba. Ai na san su."

"Malam, kai fa kullum da safe ofishin wa kake zuwa? Rigar wa ke jikinka?"

"Riga ce kawai."

"To Allah Ya kyauta. Amma ka sani, in abin ya juye, ni ba zan je ina ba kowa haƙuri ba."

"Ban aike ki ba."

Ranar hutu ya kira ƙanin matarsa, mai walda. Suka ɗora ragar a baro da rana tsaka, ba ɓoyo, don a ganin Shebur ba sata yake yi ba. Mai walda ya duba bakin kwalbatin, ya duba sabon siton da ke gefe, ya sosa kai.

"Yaya, da izini kuwa?"

"Da izinin wanda ya fi kowa daɗewa a ramin nan."

"Wato babu ke nan. In aka kama mu zan ce ban san ka ba, auren yayata ma tsautsayi ne."

"Liƙa ka bar surutu. Kuma ka liƙa da kyau, ba irin ƙofar da ka yi mana ba."

"Ƙofar nan kai ka ɓalla ta da ƙarfin tsiya."

Ya liƙa ta da kyau kuwa. Shebur ya kama rodin da hannu biyu ya girgiza, bai motsa ba. Tun ranar da aka haɗe hukumomin bai ji sanyi a ransa irin na wannan lokacin ba.

Ruwa na biyu ya fi na farko. Ya fara da rana, sama ta yi baƙi ƙirin, ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya. Shebur yana gangare da mutanensa, suna tsaye a ƙarƙashin rumfar wani shago suna kallon lambatunsu. Ruwa ne kawai ke wucewa, ja, mai ƙarfi, ba leda ko ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Oga, yau kam sai su ci kayansu." Shebur ya kusa yin murmushi. A zuciyarsa yana ganin Gajere cikin laka har ƙugu, yana zagi yana kwasa, kamar wancan karon.

Sai ruwan lambatun ya fara raguwa alhali sama ba ta tsagaita ba. Ya san ma'anar wannan. Raga ta toshe, kuma ba wanda yake kwashewa. Ya ɗauki shebur ya nufi titi da gudu, gwiwarsa tana ƙara, mutanensa a bayansa.

Da ya hau titin ya leƙa, bai ga ragar ba. Datti ya binne ta, tudu guda, ruwa ya koma baya ya shafe filin ya zama tafki. Siton yana tsakiya, ruwa ya kai rabin ƙofarsa. Wata katifa ta fito ta ƙarƙashin ƙyauren da ya ɓalle tana juyawa a hankali. A can ƙetare, ƙarƙashin rumfar masu gyaran taya, Gajere ne da mutanensa a jere, manjagara a jingine, hannuwa a harɗe.

Shebur ya daka musu tsawa, "Ku shigo mana! Ba ku ga sito ba?"

Gajere ya kewaye bakinsa da tafin hannu ya ce, "Wa ya sa ragar?"

Shebur ya sauko daga kan titin. Ya faɗa cikin ruwan har ƙirji, mutanensa suka bi shi. Suka yi ta yaƙi da dattin da shebur da hannu, suna cillawa kan titi, wani yana sake tahowa. Waldar da ya ce a liƙa da kyau ta ƙi ɓalluwa ko da diga. Sai gab da faɗuwar rana suka buɗa wa ruwa hanya. A lokacin simintin ya gama sha.

Da safe aka buɗe siton a gaban Ciyaman da kansiloli. Buhunan siminti sun daskare sun zama duwatsu. Katifu sun kumbura suna wari. Injin ban ruwa ya cika da laka. Kansilolin tudu suka ce makircin gangare ne, na gangare suka ce ai dama sun ce kada a gina a nan, alhali kowa ya san su ma sun ɗaga hannu. Injiniya hankalinsa ya tashi, don shi zai yi wa ma'aikata bayani.

"Wa ya mayar da wannan abin?"

"Ni ne," in ji Shebur.

"Da izinin wa?"

"Ba na kowa ba. Yallaɓai, ka ce abin da idonka ya gani za ka rubuta. Ga shi nan a kan titi. Duk wannan daga tudu ya fito. Turo shi suke yi, ba sa kwashewa."

Injiniya ya kalli tarin dattin, ya kalli siton. Ya ce, "Baba, datti dai na hukumar nan ne. Siton ma na hukumar nan ne. Kai ma ma'aikacin hukumar nan ne. Ka toshe lambatunka, ka cinye sitonka. Me kake so in rubuta?"

Ba a kore shi ba. Wani kansila ya ce a duba shekarunsa. Kafin mako ya zagayo aka sanar cewa Gajere ne shugaban leburorin haɗaɗɗiyar hukuma, kuma aikin farko da ya raba shi ne kwashe abin da ya taru a bakin kwalbati da fasa simintin da ya daskare. Ya ba Shebur diga da hannunsa.

Yana cikin sara, Gajere ya zo ya tsuguna a bakin ramin, takalminsa yana ƙyalli, ya rage murya yadda su biyu kawai za su ji.

"Tsoho, ka san na gan ta tun ranar da ka sa? Ina wucewa a kan babur kuna ta tartsatsin walda."

Shebur ya ci gaba da sara.

"Na ce wa yarana, wannan karon ku turo har da na cikin kwandon gidajenku. Da can in ta toshe, mu ake zagi, dole mu shiga. Yanzu wa zai zage ni? Ba iyaka fa. Kai kaɗai ne ba ka ji sanarwa ba."

Shebur ya miƙe a hankali, diga a hannu. Mutanen da ke kusa suka daina aiki. Ya daɗe yana kallon Gajere, har dariyar fuskarsa ta fara dusashewa, ya ɗan ja da baya. Sai Shebur ya ce, "Matsa. Kana tare mini haske." Ya juya ya ci gaba da sara.

Tun daga nan turi ya zama aikin hukuma. An shafe jan fentin ƙotoci da shuɗi. Wasu daga cikin yaran Shebur sun karɓi manjagara, sun ce bayansu ya huta, kuma bai ga laifinsu a fili ba, sai dai ya daina shan shayi tare da su. Shi bai taɓa manjagara ba. Duk inda aka tura shi, shiga yake yi ya kwaso ya tara a gefe, ko tifa ta zo ko kada ta zo. Gajere ya yi ƙorafi, Injiniya ya ce a ƙyale shi, ya kusa ritaya.

Da aka sake yanke ragar, Shebur bai bari an kai ta bayan gareji ba. Ya ɗora ta a baro ya gangara da ita gida, ya jingine ta a katangar tsakar gida. Matarsa ta dube ta, ta dube shi, ba ta ce na faɗa maka ba. Bayan kwana biyu ta fara shanya wanki a kanta.

In an yi ruwa yanzu, dattin garin duka a layinsu yake tsayawa, don nan ne ƙarshen gangare. Yakan taso daga aikin hukuma da la'asar, ya cire rigar mai tambari ya rataye a ƙusa, ya ɗauki tsohon sheburinsa mai jan fenti, wanda ya ƙi miƙawa a shafe, ya fita ƙofar gida. Maƙwabta sukan leƙo su ce, "Sannu, Oga."

"Ba oga a nan," yakan ce. "In da baro a gidanka, fito da shi."